Tsohuwar jitar kawuna: in gyara maɗaukan sautinta ko in sauya su?

Ɗan Ringim ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan tsofaffin jitocin lantarki. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi zaman Sabon Garin Kano kafin a haife ni, yana cikin wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a otal-otal da wuraren biki. Da ya bar harkar ya dawo ƙauye noma, sai ya tura jitarsa ƙarƙashin gado a cikin akwatinta, ba a sake jin muryarta ba. Bayan rasuwarsa bara, da aka zo rabon kaya babu wanda ya kalle ta sau biyu, shi ya sa ta faɗo hannuna.

Sunan da ke kanta ya goge, amma a bayanta akwai wani farantin ƙarfe inda kusoshi huɗu suka haɗa wuya da gangar jiki, kuma an rubuta "Made in Japan" da "Steel Adjustable Neck" a jikinsa. Tana da maɗaukan sauti guda uku a ƙarƙashin tsirkiya, waɗanda masu gyara ke kira fikof. Na ari amfilifayar wani mai sanarwar biki na jona ta, sai na tarar biyu suna magana, na tsakiya kuwa shiru. Akwai kuma wani gurnani da ba ya yankewa, makunnin murya yana ƙarar yashi idan na murɗa shi, kuma bakin ƙananan ƙarafan da ke jere a wuya ya fito yana yankar hannu. Mai gyaran rediyon da na kai wa ya ce in bari ya tuge dukkan ukun ya zubar, a sayo sababbi a Kano, sannan a kai wa mai fentin mota ya sabunta ta. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, amma ba ni da ilimin da zan yi masa musu. Me ya kamata in yi?

Mai Rediyo Gumel ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta. Sana'armu ɗaya da wanda ya ba ka waccan shawara, kuma ba zan ɓata shi ba, amma ya yanke hukunci kafin ya auna, alhali mitar awon lantarki tana gabansa a kan tebur.

Fikof ba wani abin sihiri ba ne. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ƴar ƙaramar wuta ta haifu a cikin naɗin, ita ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Abin da ba ya motsi da wuya ya mutu haka kawai, saboda haka sau da yawa laifin ba nasa ba ne, na makunnin da ke zaɓa tsakanin ukun ne, ko na dalmar da ta saki waya. Jitar da ta yi shekara arba'in tana shaƙar ƙurar hunturu dole bakin makunnanta su yi tsatsa.

Ga yadda za ka gane. Ka soka wayar jita a raminta, ka buɗe makunnin murya har ƙarshe, ka sa mita a ma'aunin om (wato awon juriyar waya ga wuta) na dubu 20, ka ɗora baki ɗaya a tsinin ɗaya kan wayar, ɗaya bakin kuma a jikinsa. Ka riƙa sauya makunnin zaɓi kana duba lamba. Lafiyayyen fikof mai naɗi ɗaya irin na kamfanin jita na Fender yakan nuna kusan om dubu 6, na Japan na wancan zamani wani lokaci yakan yi ƙasa da haka, kuma wannan ba ciwo ba ne. Idan ka zo kan na tsakiya mita ta wuce ma'auni, ka ƙara ta zuwa babban ma'auni. In ta nuna maka dubu ɗari biyu da wani abu ko fiye, to makunnin murya kaɗai take karantawa, ma'ana hanya ta yanke a wani wuri. Daga nan sai a kwance murfin gaba, a auna wayoyin fikof ɗin guda biyu kai tsaye. In ya nuna lamba a can, lafiyarsa ƙalau, makunni za a wanke.

Wankin kuwa da maganin fesawa na wanke makunnan lantarki ake yi, ba da baƙin mai ko kananzir ba, domin mai yana tara ƙura ya zama laka. A fesa kaɗan, a murɗa sau ashirin ko talatin, ƙarar yashin nan za ta tafi. Abu biyu kuma ka tsare: kada a goge tsatsar kan maganaɗisu da soson ƙarfe, saboda ɓurɓushinsa zai manne ya shige cikin naɗi, kuma kada kowa ya buga ƙananan sandunan da ke leƙowa don daidaita tsayinsu, domin a wasu ire-iren wayar a jikinsu take naɗe, da sun motsa ta tsinke daga ciki.

Malamin Kazaure ya amsa:

Ƙanena, ina yi maka ta'aziyya, kuma ina roƙonka da ka nisanta jitar nan daga mai fentin mota. Na fi shekara goma sha biyar ina tara irin waɗannan kayan, yanzu ina da guda biyar, kuma ta farkon da na saya da hannuna na lalata ta, na kankare fentinta na asali saboda ya tsattsage, na sa aka fesa mata ja mai ƙyalli. Har gobe idan na kalle ta sai raina ya sosu. Tsagewar fenti da wurin da hannun kawunka ya cinye su ne shaidar shekarunta, kuma masu sayen tsofaffin jitoci suna karya farashi sosai da zarar sun ga an sake fenti. Tsumma mai laushi da ɗan danshi ya ishe ta. Fetur da tina kuwa kada su kusance ta.

Rubutun da ka karanta a farantin baya ya faɗa mana wani abu. An fi sanin wannan rubutu da masana'antar Matsumoku da ke garin Matsumoto a Japan, wadda asalin aikinta shi ne ƙera katakon teburin keken ɗinki na Singer, irin wanda telolinmu suka sani, kafin ta shiga ƙera jita ga kamfanoni irin su Aria da Epiphone, har aka rufe ta a 1987. Ba zan rantse ba sai na ga hoto, domin masana'antun Japan na lokacin suna ƙera kaya ɗaya su manna masa sunaye daban-daban gwargwadon ɗan kasuwar da ya yi oda. Siffar da ka bayyana mai fikof uku kwaikwayon Stratocaster ce, wadda Leo Fender ya fitar a 1954 a Kalifoniya ta Amurka. Ka ƙirga matsayin makunnin zaɓinta: na asali uku ne, sai a 1977 kamfanin Fender ya koma mai biyar, saboda makaɗa sun daɗe suna maƙale makunnin a tsakanin matsayi biyu don su haɗa fikof biyu lokaci guda.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da labarin kuɗi. Gaskiya ne cewa jitar Gibson Les Paul ta 1959 tana kaiwa ɗaruruwan dubban daloli, amma taka ba ita ba ce. Darajar taka matsakaiciya ce, kuma duk abin da take da shi yana rataye ne a kan kasancewarta yadda ta fito. Saboda haka dokata ita ce, duk abin da aka cire, ko kusa ɗaya ce, a ƙulle shi a leda a rubuta inda aka ciro shi, a ajiye a cikin akwatin. Ka kuma ɗauki hoton wayoyin ciki da wayar hannunka kafin kowa ya kai musu dalma.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne wurin sayen kayan canji, domin kayan Amurka da inci ake auna su, na Japan kuwa da milimita. Makunnin murya na Amurka wuyansa ya fi kauri, ba zai shiga ramin murfin Japan ba sai an faɗaɗa, kuma haƙoran kansa 24 ne alhali na Japan 18, don haka hular tsohon ba za ta hau sabon ba, in aka tilasta ta sai ta fashe. Haka kunnuwan ɗaure tsirkiya: na zamani suna son rami mai milimita 10, ramukan tsofaffi kuwa ba su kai haka ba, kuma wanda ya faɗaɗa rami ba shi da hanyar mayar da shi. Ka tafi kasuwa da tsohon a aljihunka, ko ka auna tsawo da faɗi da tazarar kusoshi kafin ka yi oda ta intanet. A jikin makunnin za ka ga an buga lambarsa. Ga fikof mai naɗi ɗaya an saba sa mai om dubu 250, ga mai naɗi biyu kuma dubu 500, kuma in ka sa babba a wurin ƙarami sautin zai ƙara kaifi, wani lokaci har ya soki kunne. Kai dai ka mayar da irin lambar da ka tarar.

Wani abin sha'awa ga mai son sanin shekara: idan makunnin na kamfanin CTS na Amurka ne, lambar bayansa tana farawa da 137, sannan shekara da mako su biyo. A jitar Japan da wuya ka samu wannan sai in wani ya taɓa canzawa, amma yana da amfani ranar da wani zai kawo maka jita yana cewa Fender ce ta asali.

Batun ƙarafan da ke yankar hannu kuwa aikin hunturu ne. Katako yana son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu takan bushe ƙwarai ƙasa da haka, sai katakon wuya ya tsuke, ƙarfe kuma ba ya tsukewa, shi ya sa bakinsa ke fitowa. Yanzu da suka fito gaba ɗaya shi ne lokacin da ya dace a goge su da ƙaramin zarto mai laushi, a hankali, bayan an manna tef a katakon. Ni ina sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin gidan sabulu mai huji, in ajiye a akwatin har hunturu ya wuce, da damina ta faɗi kuma in cire shi. Kada ka jingina ta da bangon ƙasa saboda gara, kada kuma ka rataye ta kusa da rufin kwano a bazara.

Baƙon Maigatari ya amsa:

Da izinin Malam, ina da ɗan saɓani. Ni makaɗi ne, ba mai tarawa ba, kuma ina yawan cuɗanya da ƴan'uwanmu na Nijar da ke sauka nan ranar kasuwa. A wurin masu jitar Agadas, abin da ya ƙi magana cire shi ake yi a sa wanda ke magana, domin gobe akwai biki. Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar wanda yanzu ake gayyata Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Ina tsoron kada a tsorata ɗan'uwanmu har ya mayar da ita ƙarƙashin gado ta ƙara wasu shekaru arba'in. In fikof ɗin tsakiya ya mutu, ya sa sabo ya kaɗa abarsa; tsohon ya ajiye shi a leda kamar yadda Malam ya ce, a nan mun haɗu.

Abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi damuna, shi ne gurnanin da wutar. Fikof mai naɗi ɗaya ɗabi'arsa ce ya kwaso gurnanin wutar lantarki, wadda a ƙasarmu take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma dalilin da ya sa ke nan Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro mai naɗi biyu da ke kashe gurnanin juna, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Ɗan gurnani ba ciwo ba ne. Ka gwada ka gani: idan ka taɓa tsirkiya ya ragu, wayar ƙasa ta jitar tana aiki, idan bai canza ba, mai yiwuwa wayar da ke zuwa ƙarfen gindi da ke riƙe tsirkiya ta tsinke. Ka kuma nisanci janareto da cajar waya da ƙaramar inbata mai araha, duk suna ƙara shi.

Amma idan ka taɓa tsirkiya ka ji wuta ta ɗan cije ka, ka zare nan take. Tsirkiyar tana haɗe da jikin amfilifaya, gidajenmu na ƙauye kuwa yawanci babu wayar ƙasa a cikinsu, kuma na ga wanda leɓensa ya taɓa makirufo hannunsa na kan jita ya faɗi warwas. Ƙaramar amfilifaya mai batir ta fi maka kwanciyar hankali. In kuma ka tarar da tsohuwar amfilifayar kawu, ka karanta bayanta kafin ka jona, domin kayan Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, na cikin gidan Japan 100, tamu kuwa 230. Amfilifayoyi masu kwalba (bawul) a ciki suna riƙe wuta mai kisa a cikin kafasito, wato ma'ajiyar wuta, ko bayan an kashe su, ba abin da za ka buɗe da kanka ba ne.

Ɗan Ringim ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma wurin mai gyaran da bayanin Mai Rediyo, muka auna tare, kuma ya karɓi gyara ba tare da gardama ba. Fikof na wajen wuya ya nuna om dubu 5 da ɗari 4, na gindi dubu 5 da ɗari 6, na tsakiya kuwa ko da muka auna wayoyinsa kai tsaye bai nuna komai ba. Makunnin zaɓin mai matsayi uku ne, kuma ƙarar yashi ta tafi bayan wanki. Akwai wani mai naɗin koyil na fanka da injin ban-ruwa a kasuwarmu da ya ce zai iya sake naɗa shi. In ba shi? Na kuma lura tsirkiya ta yi nisa da wuya a tsakiya, har yatsa na gajiya.

Mai Rediyo Gumel ya sake amsawa:

Kada ka ba shi tukuna, ba don bai iya aikinsa ba, sai don wayarsa ba ita ba ce. Wayar fikof lamba 42 ce a ma'aunin Amurka, kaurinta bai wuce na gashin kai ba, kuma ana yi mata zagaye wajen dubu 7 zuwa dubu 8. Wayar fanka ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, in ya naɗa da ita gurbin zai cika tun bai kai ko kusa da wannan adadi ba, sautin ya fito a raunane.

Kafin a kai ga sabon naɗi akwai dabara biyu. Ta farko, a duba wuraren nan biyu da siririyar waya ta haɗu da masu kauri, a sake narka dalmar da ƙaramin ƙarfen liƙi na daƙiƙa biyu ko uku, domin can ne ta fi yawan sakewa. A guji babbar bindigar dalma mai taransifoma a ciki, tana iya raunana maganaɗisu. Ta biyu, in ba a dace ba, a cire tef ɗin da ke rufe naɗin a hankali, a duba da gilashin ƙara girma. Idan tsinkewar a zagayen waje take, sai a warware kaɗan har a kai ga lafiyayyar waya, a kankare rufinta da takarda mai yashi mafi laushi, a liƙa. Asarar zagaye hamsin ko ɗari kunne ba zai ji ta ba. Idan kuwa farkon wayar da ke can ciki ne tsatsar maganaɗisu ta cinye, babu makawa sai sabon naɗi, kuma sai an yi odar wayar da ta dace.

In ka zaɓi sa sabo na wucin gadi kamar yadda Baƙon Maigatari ya ce, ka nemi mai lamba kusa da dubu 5 da rabi don kada ya danne ƴan'uwansa, ka kuma auna ramin murfin tukuna. Da makunni mai matsayi uku ba za ka damu da jituwarsu ba, amma ranar da ka haɗa biyu ka ji sautin ya sirance kamar ana magana ta hanci, sai a juya wayoyin sabon guda biyu. Idan kuma wanda aka gyara ya riƙa kuka da zarar an ƙara murya, naɗinsa ne ya yi sako-sako, maganinsa a tsoma shi a narkakken kyandir da aka gauraya da ɗan kakin zuma, kashi huɗu da ɗaya, a cikin gwangwanin da ke zaune a ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, kuma zafin kada ya wuce wajen digiri 65 don kada robarsa ta lanƙwashe. Wanda ba ya kuka a bar shi yadda yake.

Malamin Kazaure ya ƙara da cewa:

Game da nisan tsirkiya, ƙanena, ka fara sa sababbi, domin da tsofaffi masu tsatsa ba a gane komai. Ka nemi na jitar lantarki masu farawa da lamba 9, sun fi sauƙi ga tsohon wuya. Na roba ba sa aiki da maganaɗisu sam. Bayan ka ɗaure su daidai, ka danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tazarar da ta rage a wajen na bakwai ko na takwas. Ya kamata ta kai kaurin katin waya na kankarewa kawai. In ta fi haka, wuyan ya lanƙwasa gaba, kuma sandar ƙarfen daidaitawa da ke cikin wuya, wadda farantin ya ambata, ita ce maganinsa. Ka sassauta tsirkiya, ka ɗiga ɗigon mai ɗaya a kan notin sandar, ka fara juya shi hagu kaɗan don ya saki, sannan ka juya dama rubu'in zagaye, ka ɗaure tsirkiya, ka bar ta ta kwana kafin ka sake aunawa. Idan notin ya ƙi motsi ka tsaya a nan, domin sandar da ta karye a cikin wuya gyaranta ya fi kuɗin jitar. Ranar Lahadi ina zuwa kasuwar Dambatta, in za ka iya kawo ta can zan zo da alankin da ya dace da ƙaramin zartona, mu duba ta tare.